Saukowar Wule Daga Rufin Hajja Yelwa

Duk wanda ya san unguwar Wunti a shekarun nan ya san jerin shagunan Hajja Yelwa, ba don kyansu ba, don kuwa ba su da shi. Dogon gini ne mai hawa ɗaya, da shimfiɗaɗɗen rufin kankare irin wanda magina ke kira dekin. Marigayi mijinta ne ya zuba shi da niyyar ɗora bene a kai, ya bar rodi sun yi cirko-cirko a kusurwoyi suna jiran ranar da ba ta zo ba. Abin da ya sa aka san wurin shi ne akwai saniya a kan rufin. Ba hoton saniya ba, saniya mai rai, ja, da farin goshi da ƙahoni, wadda kan leƙo ta saman 'yar katangar rufin tana tuƙa tana kallon masu keke suna zagin juna. Baƙo in ya gan ta sai ya tsaya ya murje ido. 'Yan gari kuwa sun daina ɗaga kai, har in ka hau keke ka ce a sauke ka a ƙarƙashin saniya, direba ba zai tambaye ka wacce ba.

Tambayar kowane baƙo ɗaya ce: ta yaya ta hau? Wannan ba ta da wuyar amsa, a wuya aka ɗauke ta. Tambayar da ta fi wuya, wadda mai saniyar ya yi shekaru yana kauce mata, ita ce ta yaya za ta sauko.

Mai ita Bakari ne, mai wankin hula, wani siririn mutum mai dogon wuya wanda magana ke yi wa tsada. Shagonsa, in har za a kira shi shago, shi ne ɗan lungun da ke ƙarƙashin matakalar hawa rufin. A nan yake jiƙa huluna ya goge su da burushi ya sa musu sitati, sannan ya hau da su sama ya kifa kowacce a kan kututturen katako ta sha rana. Ya daɗe yana wannan sana'a, har ya kai in ya hango mutum yakan san girman kansa kafin ya san sunansa. Mutanen Wunti sun ɗauke shi ɗan gari. Hausarsa ta wanku tas, sai dai in ransa ya ɓaci, a nan ne Fulatanci kan leƙo ta ƙarshen maganarsa.

Amma ba a gari aka yanke masa cibi ba. A ruga ne, can bayan Inkil, tun wurin yana daji. A al'adarsu, ranar suna uba kan kama kunnen maraƙa ya ce wannan ta jaririn ce, ita da duk abin da za ta haifa. Wadda aka ba Bakari ja ce mai farin goshi, irin wadda Fulani ke kira Wule. Ta haifi 'ya mai farin goshi, aka ce mata Wule, ita ma ta haifi tata. Sai gonaki suka ci makiyaya, gidaje suka ci gonaki, wata shekara ciwo ya shiga garke ya yi ɓarna, uban kuma ya rasu. Bakari yana saurayi ya shigo gari neman abin yi, ya bar wansa Yero da 'yan shanun da suka rage. Ba ya zuwa ruga sai da salla, amma duk zuwan da zai yi, kafin ya gama gaisawa da mutane idonsa ya riga shi zuwa garke yana neman farin goshi.

Wata safiya bayan girbi, Yero ya sauka daga kan acaɓa a ƙofar shagunan, rungume da wani abu cikin tsohon bargo.

"Hamma Yero, lafiya?" in ji Bakari, hannunsa duk kumfa.

"Lafiya, amma ba lau ba," in ji Yero. "Uwar ta mutu wajen haihuwa. Mun gwada ta da sauran shanu, babu wadda ta yarda ta shayar da ita. Gobe za mu tashi kudu neman ciyawa, ba za ta iya tafiya ba. Ita ce ta ƙarshe a cikin naka, Bakari. Ga ta nan."

Bakari ya buɗe bargon ya ga 'yar maraƙa mai farin goshi, wata Wule ce. Bai yi kuka ba, don ba a yi a gaban wa, amma sai da ya nemi benci ya zauna.

To, ina zai kai ta? Ɗaki ɗaya suke haya shi da matarsa Habibatu, a gidan da ko kaza ka ajiye sai an yi shari'a. Da mai ginin ta zo zagayenta daga GRA da yamma, sai ya tare ta. Hajja Yelwa tsohuwar 'yar kasuwar atamfa ce, mai kaifin baki da sanyin zuciya. Ta dubi maraƙar, ta dube shi.

"Kwana nawa, Malam Bakari?"

"Kwana biyu, Hajja. Ta ɗan yi ƙwari kawai."

Ta ce to. Ya saɓa maraƙar a wuya yadda makiyaya ke yi, ƙafa biyu ta nan biyu ta can, ya hau da ita. Matakalar kuwa mutum ɗaya take ɗauka, ga kwana a tsakiyarta kamar gwiwar hannu.

Kwana biyun Bahaushe kowa ya san tsawonsa, to na Bafulatani da saniya ya fi shi. Ya shayar da ita da kwalba, Habibatu tana dama mata kunu mai ruwa-ruwa tana tsokanarsa wai an yi mata 'ya da tsufa. Da ruwan farko ya sauka Yero ya dawo, kuma a lokacin, da mutum biyu sun riƙe ta, da ta sauko. Bakari ya ce a bari ta ƙara ƙwari. Da ta ƙara, ya ce a bari damina ta wuce, daji duk kaska. Da damina ta wuce, Yero ya sake tafiya. Gaskiyar magana ba ya son rabuwa da ita ne. In ya hau shanya ya ji warin shanu, sai ƙirjinsa ya buɗe, ya manta da hayaniyar titi. In yana bin layin huluna yana juya su, tana biye da shi, hancinta a gadon bayansa. Masu magana sun ce sabo turken wawa. Bakari ba wawa ba ne, amma ya ɗauru.

Sai ga matsalar ƙafa. Kankare yana cin kofato, da rana kuma ya ɗau zafi kamar tanda, har Wule ta fara ɗingishi. Ɗan gari da ya sayo mata tabarma ko ya shimfiɗa buhu. Bakari kuwa a saninsa saniya a kan ƙasa take tsayawa, tun da ba ta iya zuwa wajen ƙasa, sai ƙasa ta zo wajenta. Kullum bayan sallar asuba ya cika kwanon sarki da jar ƙasa ya hau da ita a ka. Yau kwano, gobe kwano, ta haɗu da kashin shanu da ƙaiƙayi ta yi kauri. Da damina ciyawa ta tsiro, yakuwa ta fito don kanta, har wani tumatir da ba wanda ya shuka ya yi 'ya'ya. Ya ɗaura rumfar zana a jikin rodin marigayi, ya mai da ɗaya turke. Huluna ya ja musu igiya a gefe guda, tun ranar da Wule ta ji ƙanshin sitati ta cinye rabin hular zanna ta wani alhaji.

Abin da bai lura ba, ko ya ƙi lura, shi ne ƙasar nan ta toshe indararo. Ruwan da a da yake sauka ya wuce, yanzu sai ya kwanta a cikinta kamar a fadama, yana neman hanya a hankali. Rufin kuwa da ma ya tsufa, ya sha faci da kwalta har ba a san asalin launinsa ba. Wanda ya fara ji a jikinsa shi ne Mansir tela, mai shagon da ke daidai ƙarƙashin rumfar Wule. Da farko tabo ne a sama. Daga nan ɗigo. Mansir ya sa roba, ya sa bokiti, ya ja keken ɗinkinsa kusurwa. Wata rana ya tari ɗigon a tafin hannu ya shinshina, ya fito ya tsaya a bakin lungun Bakari.

"Malam Bakari, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo," in ji shi. "Ni dai wannan da ke zubo min ba ruwan sama kaɗai ba ne."

Bakari ya ba shi haƙuri, ya wanke masa huluna kyauta, aka ci gaba da zama. Sai a ƙarshen damina ta uku, wata azahar, wani ɓangaren kankare mai faɗin faifai ya ɓalle ya faɗo a kan teburin yankan Mansir, daidai inda kansa yake kafin ya tashi alwala. Aka ɗaga ido aka ga rodi a fili, tsatsa ta cinye su sun koma kamar busasshen kara.

Washegari Hajja Yelwa ta zo da Ɗanlarai magini, wani gajere mai faɗin ƙirji da fensir a bayan kunne, wanda ko raɗa zai yi sai an ji a tsallaken titi. Ya hau rufin, ya dubi saniya, ya dubi yakuwa, ya tona ƙasar da ƙafa har idon sawunsa ya nutse bai taɓa kankare ba.

"Hajja," ya ƙwala daga sama, "shago kika ba da haya ko gona?"

Ya sauko ya bi shagunan ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa rufin da guduma yana saurare. Ya ce maganar faci ta ƙare. Dekin ɗin ya mutu, sai a fasa shi duka, a ɗaga bango kaɗan, a kawo kafinta ya buga katako a rufa kwano mai gangare, ruwa ya riƙa sauka yana wucewa abinsa.

"Saniyar fa?" in ji Hajja.

Ɗanlarai ya zaro awonsa ya auna faɗin matakala, ya auna kwanar, ya koma sama ya auna tsakanin ƙahonin Wule da faɗin cikinta, ita kuwa tana lasar masa gwiwar hannu. Ya sauko yana dariya.

"Tun ran gini tun ran zane, Hajja. Wannan ba ta bin matakalar nan sai dai a daro. A kira mahauci kawai."

Hajja ba ta yi dariya ba. Ta juya wajen Bakari, muryarta a ƙasa.

"Malam Bakari, kwana biyu ka roƙa, ka ci shekara uku ban ce maka kanzil ba. Amma ran mutum ya fi ran saniya. Asabar ta sama za a fara fasa. Ka san yadda za ka yi."

Daga ranar kowa a Wunti ya zama injiniya. Wani ya ce a kawo motar nan mai ɗaga kaya, aka nuna masa wayoyin wuta da suka sarƙe a gaban ginin kamar taliya. Wani ya ce a ɗaure ta da igiyoyi a zuro ta kamar guga, Ɗanlarai ya ce katangar ba za ta ɗauka ba, kuma saniya in ta yi harbi a iska bayanta ne zai karye. Bakari da kansa ya gwada matakalar. Wule ta sa kai, ƙahonta ya daki bango, ta leƙa duhun da ke ƙasa, ta ja da baya ta koma rumfarta. Wani mahauci ma ya hau ba a gayyace shi ba, ya tsaya yana auna tozonta da ido. A ranar ne Wunti ta ji Fulatancin Bakari, tun daga sama har bakin titi.

Abinci ya daina shigar masa. Habibatu ta ajiye tuwo ta ɗauke tuwo. Tsoro yake ji, da kunya a kan tsoron. Ciwo bai ƙarar da Wule ba, fari bai ƙarar da ita ba, masu gonaki ba su ƙarar da ita ba. In aka sa wa wannan wuƙa, kyautar da ubansa ya yi masa ranar suna ta ƙare ke nan, kuma ba kowa ya ƙarar da ita ba sai shi, da son zuciyarsa da kwanon sarkinsa.

Ana saura kwana kaɗan, tifa ta kawo yashin aiki. Direban ya ga ba wurin juyawa a gaba, ya zagaya bayan ginin ta filin makanikai, ya juye shi a jikin bango ya yi tafiyarsa. Da safe Bakari ya buɗe ƙofar matakala da makullinsa, ya hau, ya tarar da wata baƙar akuya ta tsoma kai a cikin dusar Wule tana ci hankali kwance.

Ya tsaya. Ya dubi ƙofar da ya buɗe da hannunsa. Ya dubi sama, ko da yake ya san akuya ba ta tashi. Mamaki ya hana shi ko korarta. Ya bi sawunta a kan jar ƙasar har bakin katangar baya, ya leƙa. Ga tulin yashi ya kai rabin bango, a kansa ga jerin bulo da leburori suka ɗora, daga nan kuwa tsalle ɗaya ne ga akuya. Ya daɗe yana kallon tulin nan. Sannan ya sunkuyar da kai ya dubi ƙasar da yake tsaye a kai.

Ya sami Ɗanlarai yana shan shayi.

"Maigida, ɓaraguzan rufin nan in ka fasa, ina za ka zuba su?"

"Tifa za ta kwashe."

"Kafin ta kwashe fa?"

Bakari ya yi masa bayani. A fara fasa daga can ƙarshen, Wule ta koma saman matakala inda bangaye suka yi kusa da juna suka riƙe rufin. Duk abin da aka fasa a zuba shi a bayan ginin a kan yashin, a ja shi ya yi gangare. Shi kuma zai zubo ƙasarsa a kai ta rufe kaifin.

"Wato in fasa rufi saniya tana kai," in ji Ɗanlarai. Ya ajiye kofin, ya ciro fensir ya yi 'yan zane-zane a kan bencin mai shayi, ya goge da yawu, ya sake. Ba tausayi ne ya kama shi ba, son ganin ƙwaƙwaf ne. "Na yi gini a garin nan tun ina ɗaukar kwano, ban taɓa gina wa saniya hanya ba. Wallahi ina so in ga ƙarshen abin nan."

Da aka gaya wa Hajja, ta ce ita ma tana so ta gani.

Ran Asabar 'yan haya suka kwashe kayansu, guduma ta fara aiki. Leburori suna fasawa, wasu suna yanke rodi, wasu suna tura baro suna juyewa ta baya. Duk dukan da aka yi sai rufin ya amsa a ƙarƙashin ƙafar Wule, ta zabura, Bakari ya dafa wuyanta yana yi mata magana a kunne. In ta natsu sai ya ɗauki shebur. Ƙasar da ya yi shekara uku yana haurawa da ita a ka, cikin kwana biyu ya mai da ita inda ta fito, da yakuwar da tumatirin duka. Ɗanlarai, da ya ce kallo kawai zai yi, sai ga shi yana yayyafa ruwa yana sa a daddaɓe gangaren, yana kafa katako a gefe, yana yi wa leburori tsawa in sun zuba ba daidai ba. Da hanyar ta kai sama, ya fasa katangar baya ya buɗe mata ƙofa.

Ranar saukowa filin makanikai ya cika. Masu keke sun ajiye kekuna, teloli sun bar ɗinki, Hajja tana zaune a kan kujera a ƙarƙashin lema. Yero ma ya zo, don garke bai riga ya tashi kudu ba, ya sami gindin bango ya tsuguna da sandarsa.

Bakari ya ɗaura wa Wule igiya a ƙaho, ya sauka kan gangaren yana fuskantarta, ya ja. Ta zo bakin ƙofar ta kafe ƙafafu. Ya ja, ta ja. Aka kawo dusa, aka kawo kanwa, ta ƙi ko shinshinawa. Leburori suka zagaya suka tura ta ta baya, ta yi harbi, gefen gangaren ya zube, ƙafarta ɗaya ta zame ta rataya a iska kafin ta janye ta. Mata suka yi salati. Wule ta koma da baya jikinta yana rawa, idonta ya yi fari.

Rana ta take tsaka ana abu ɗaya. Ɗanlarai ya hau ya duba ɗan rufin da ya rage, ya sauko ba fara'a. Ya ce girgizar guduma ta tsaga shi, ba zai bar saniya ta kwana a kai ba, shi ma ba zai bar yaransa su shiga ƙarƙashi ba. Yau ne ko a kira mai wuƙa. Ba sai an kira shi ba ma, yana can bayan taro ya jingina da wata matacciyar mota.

A nan ne Yero ya miƙe. Ya hau gangaren a hankali ya tsaya kusa da ƙanensa, ya yi masa magana da harshensu, ƙasa-ƙasa.

"Yaushe ka taɓa ganin Baba ya ja saniya da igiya? Wanda ke jan ta da igiya kasuwa zai kai ta. Kwance ta. Ka ba ta baya ka yi gaba, ka kira ta. Kuma kada ka juyo. Makiyayi in ya fuskanci shanu, ce musu ya yi an iso, su tsaya."

"Hamma, ba ta san kiwo ba. Ba ta taɓa bin garke ba."

"Wa take bi in kana shanya?"

Bakari ya dubi igiyar da ke hannunsa. Ya kwance igiyar ya yar. Yero ya miƙa masa sandar, ya ɗaga hannu ɗaya, taron ya yi tsit. Bakari ya gitta sandar a kafaɗa ya rataya hannuwansa a kanta, abin da rabonsa da yi tun yana saurayi, amma jikin bai manta ba. Ya juya wa Wule baya. Ya buɗe baki, wani kira ya fito daga can cikin maƙogwaronsa, dogo, mai hawa da sauka, da sunanta a ƙarshe. Mansir, da ya yi shekaru yana jin mutumin nan yana cewa "gobe ka dawo, ba ta bushe ba", ya saki baki yana kallonsa.

Ya fara sauka, taku bayan taku. Bai ji komai a bayansa ba. Ya sake kira. Ƙeyarsa tana ƙaiƙayi, wuyansa yana son juyawa don kansa. Sai ya ji ƙasa ta ɗan motsa, ya ji kofato ya sauka, ya ji wani. A tsakiyar gangaren ya ji ƙarar zamewa, tsakuwa ta gangaro ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa, taron ya ja numfashi gaba ɗaya. A rayuwarsa bai taɓa yin abin da ya fi rashin juyowar nan wuya ba. Ya ƙanƙame sandar, ya sake kira, ya ci gaba da tafiya. Can sai ya ji huci mai ɗumi a gadon bayansa, da danshin hanci a jikin rigarsa, a daidai wurin da ta saba.

Da ƙafarsa ta taka filin, Wunti ta ɓarke da kabbara. Ɗanlarai ya cire hularsa ya buga da ƙasa don murna. Wule ta firgita da ihun ta fara waige-waige.

"Kada ka tsaya," in ji Yero daga baya.

Bai tsaya ba. Ya ratsa filin makanikai ya hau titi, kekuna suna dārewa, Wule a bayansa, Yero a bayanta. Suka kama hanyar Gombe. Ƙafafunta ba su san doguwar tafiya ba, don haka in ya ji numfashinta ya yi nauyi sai ya nemi inuwa ya juyo ya fuskance ta, ta tsaya cak, su huta. In ya ba ta baya, ta biyo.

Abin da ya biyo baya a Wunti kowa ya gani. An gama fasa dekin, tifa ta kwashe gangaren, an rufa shuɗin kwano mai gangare wanda ko kyanwa ba ta iya zama a kai. Mansir ya koma shagonsa ya mai da bokitin gida. Bakari yana shanya hulunansa a kan dogon benci a bakin titi, masu keke kuwa har gobe ƙarƙashin saniya suke kiran wurin, baƙi suna ɗaga kai ba sa ganin komai. Abin da Wunti ba ta gani ba shi ne abin da ya faru a Inkil da yammacin ranar.

Sun isa ruga rana ta yi ja. Wule ta tsaya a bakin garke tana kallon shanu, don tun da ta yi wayo ba ta taɓa ganin mai kama da ita ba. Wata tsohuwar saniya ta matso ta shinshine ta, ta lashi wuyanta. Bakari ya sha nono, ya yi salla, ya ce zai koma, hulunan mutane suna jiƙe. Ya mai da wa Yero sandarsa, ya yi sallama, ya juya ya kama hanya.

Bai yi nisa ba ya ji kofato a bayansa.

Ya mai da ita cikin garke, ya shafa goshinta, ya sake juyawa. Ta sake biyo shi. Ai ba laifinta ba ne, abin da ya koya mata da rana ke nan.

"Bari in ɗaure ta," in ji Yero.

"A'a, Hamma. Ɗaurin da ta sha ya isa."

Ya kai ta tsakiyar shanu karo na uku. Wannan karon bai juya ba. Ya tsaya a gabanta, fuska da fuska, ta tsaya. Ya ja ƙafa ɗaya baya. Ba ta motsa ba. Ya ja ɗayar. Haka ya riƙa tafiya da baya da baya cikin gonar da aka girbe, kututturen kara yana tuntuɓe shi, ƙaya tana kama masa wando, idonsa a kan farin goshin nan, hawaye yana zuba bai share ba, don hannu in ya ɗaga za ta ɗauka kira ne. Matan ruga suna tsaye da ƙore a hannu suna kallo, babu wadda ta yi dariya. Wule tana nan inda ya bar ta, ta ɗaga kai tana dubansa, tana jiran ya ba ta baya.

Sai da wani dutse ya shiga tsakaninsu ya daina hango ta. Ko a nan ma sai da ya ƙara 'yar tafiya da baya, sannan ya juya ya fuskanci gari.